Jita a Bangon Mujalla, Kalangu a Bakin Kasuwa

Cikin ayyukan aji da malaman zanen kwamfuta ke ba ɗalibai, babu wanda nake so kamar wannan: je ka tsara mujallar waƙa, bango da shafuka 8 ko 12. Aiki ne da ya tattara komai. Akwai hoto, akwai kanu, akwai dogon rubutu, akwai launi, ga kuma sanin inda za a bar fili ido ya huta. Yaron da ya iya wannan ba zai rasa abin yi ba a Jahun ko Dutse, domin katin aure da kalanda da fostar siyasa duk ƙannensa ne. Damuwata tana kan abin da yaran ke kawowa shagon kwamfuta a ƙarshen zango, su ce a buga musu.

Kusan duka kamarsu ɗaya. Bango baƙi ƙirin, an watsa masa shuɗi da ja masu walƙiya, jitar lantarki a kishingiɗe, sai layukan nan biyar na rubutun kiɗan Turawa suna karkacewa daga sama zuwa ƙasa. Sunan mujallar da Turanci. Ka buɗe ciki ka tarar da rubutun cike-gurbi na Latin, wanda ɗalibin bai san abin da yake cewa ba, malaminsa ma haka. Yaron nan kuwa ɗan Jahun ne, ko Miga, ko Kiyawa. Da kalangu aka kai yayarsa ɗaki. Ya ji algaita da kakaki a hawan sallar Dutse. A wayarsa akwai Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker. Amma da aka ce ya zana waƙa, sai ya zano wadda ba ta taɓa ratsa shi ba.

Ba na ɗora laifin a kan manhaja. Tun da Canva ta fito a 2013, PixelLab kuma ta shiga wayoyin samari, sana'ar da a da sai mai kwamfuta da CorelDRAW ta zo hannun kowa. Na ga matasa a garin nan suna cin abinci da waya kawai, kuma ina murna da hakan. Sai dai shiryayyen samfurin da manhaja ke miƙo maka ba fanko ba ne. Wani ne ya zauna ya yanke shawarar girman hoto da yawan kalmomi da inda kanu zai zauna, kuma ya yi hakan ne da mujallu irin su Rolling Stone da Billboard na Amurka a ransa. A can fuskar mawaƙi ce ke sayar da shafi. Idan ka ɗauki samfurin, ka ɗauki shawarar tasa gaba ɗaya, sunanka kawai ka sa.

Waƙar Bahaushe kuwa magana ce. Wanda ya kunna Mamman Shata ba fuskarsa yake nema ba, so yake ya ji me ya ce da wane, yaya ya juya kirari, ina ya saka habaici. Haka Musa Ɗanƙwairo da Narambaɗa a fada, haka Barmani Choge a tsakanin mata, haka Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Haruna Uji na Haɗeja, wanda gurminsa ya kai sunan ƙasar nan nesa, da zance ya riƙe masu sauraronsa. Ko mawaƙan situdiyo na yau, abin da mutane ke tura wa juna a WhatsApp shi ne baitin da ya taɓa su. Saboda haka mai tsara mujallar waƙar Hausa babban aikinsa shi ne ya iya zaunar da kalmomi masu yawa a shafi yadda za a karanta su da daɗi. Samfurin da ya bar wa rubutu layi huɗu a ƙasan ƙaton hoto kamar rigar aro ce, ko ta yi kyau a rataye ba ta zauna a jiki ba.

A nan ne aikin ke da daɗi, kuma a nan ne ake tsallake shi. Ɗauki waƙar baka guda ɗaya. Jagora yana jan ɗa, wato baiti, 'yan amshi suna karɓa, wani lokaci su ƙara masa, wani lokaci su cafke maganar kafin ya dire. Sanƙira yana gefe yana jefa nasa. Yaya za ka nuna wannan a takarda? Kana iya sa maganar jagora da baƙi daga bakin layi, ka tura amshi ciki kaɗan da launin ƙasa-ƙasa, ka rage masa kauri, ta yadda mai karatu zai ga yana dawowa kamar yadda kunne ke jin yana dawowa. Maganar sanƙira ka ajiye ta a gefen shafi da ƙananan haruffa. Idan gindin waƙar ya maimaitu sau goma, sai ka yanke shawara: ka rubuta shi duka, ko ka rubuta sau ɗaya ka riƙa sa alama? Kowace amsa tana canza tsawon shafin da saurin karatu. Wannan shi ne tsara shafi na gaskiya, kuma babu manhajar da ta tanadar maka shi, domin wanda ya ƙera ta bai taɓa zama gaban makaɗan kotso ba.

Haka kayan kiɗan. Ka ba kalangu shafi biyu na tsakiya, ka ɗauke shi hoto da hasken safe a kan farar tabarma. Kangon itacen da ya tsuke a tsakiya, fatar fuska biyu, tsarkiyar da makaɗi ke matsewa a hammata sauti ya hau ko ya sauka, da lanƙwasasshen makaɗin da hannu ya goge har ya yi santsi. Ka ja siririn layi daga kowane sashe zuwa sunansa. Kusa da shi ka nuna kotso mai fuska ɗaya da naken da ake liƙa masa a tsakiyar fata. Yaro ɗan birni zai tsaya a wannan shafin ya koyi abin da bai sani ba. Hoton jitar da aka sauko da shi daga intanet ba ya koya wa kowa komai.

Sai maganar haruffa, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai. Yawancin kyawawan haruffan ado da ɗalibai ke zaɓa ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Ka rubuta kanu, sai harafin ya koma ɗan akwati, ko ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Mafitar da aka saba ita ce a jefar da lanƙwasar a ci gaba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a Janairun 1939, zamanin da ake jera haruffan dalma, kuma maɗaba'ar Gaskiya ta yi shekaru tana buga littattafan Hausa da lanƙwasarsu. Mu da muke da salon rubutu irin su Noto da Charis da Andika kyauta, dukansu ɗauke da waɗannan haruffa, ba mu da hanzari. Wanda ke son ya sa kanu da ajami ma akwai Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta ƙera bisa salon rubutun hannu na Kano. Ni a ganina, duk ɗalibin da ya kawo shafin Hausa babu lanƙwasa a mayar masa da shi kafin a duba launinsa.

Na san abin da za a ce. Mawaƙan yanzu da fiyano da kwamfuta suke aiki, to me ya sa za a hana yaro zana makirufo? Ban ce a hana shi ba. Idan labarin na situdiyo ne, a je situdiyon a ɗauko shi yadda yake: ɗan ɗaki da aka liƙe bangonsa da soso, janareto a waje, mawaƙi riƙe da littafin da ya rubuta baitocinsa. Wannan ma namu ne. Kuma akwai wani tarko a ɗaya ɓangaren. Wasu da suka ji ana cewa a koma gida, sai su manna dagin Arewa a kowace kusurwa, su zagaye shafi da zanen aska takwas, su ce sun yi na gargajiya. Wannan ma samfuri ne, na gida kawai. Ado ba ya maye gurbin tunani. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, ba su ƙi abin da malamansu Turawa suka koya musu ba. Sun riƙe dabarar, suka koma suka yi nazarin zanen mutanensu da gaske, sannan suka haɗa. Lemi Ghariokwu, wanda ya zana bangon fayafayan Fela Kuti fiye da 20 tun daga 1974, sauraron waƙar yake yi ya fahimci abin da take faɗa kafin ya ɗauki alƙalami, shi ya sa titunan Legas suka fito a bangon nan da hayaniyarsu.

Muna da namu abin dubawa kusa. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999 ta nuna cewa Bahaushe zai sa kuɗinsa ya sayi mujallar nishaɗi da harshensa, ya karanta doguwar hira har ƙarshe. Tsofaffin kofenta sun cancanci a baje su a aji, a duba inda tsarin ya yi kyau da inda shafi ya cunkushe. Rabe-raben da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero da sauran masana suka yi wa makaɗa, na fada da na jama'a da na sana'a da na maza, sun isa su zama sassan mujalla guda.

Roƙona ga malamai ne, domin su ke riƙe da maki. Ku hana rubutun cike-gurbi. Ku ce kowane ɗalibi ya samo makaɗi ko mawaƙi mai rai, a unguwarsu ko a kasuwar Gujungu, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya nemi izininsa, ya yi hira da shi, ya rubuta da Hausa. Hoton ya zama shi ya ɗauka. Wanda aka kwafo daga Facebook yakan yi kyau a fuskar waya, amma da ya hau takarda sai ya farfashe, domin bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci. Idan tsohon mawaƙi ne da ya rasu kuma babu hotonsa mai kyau, a zana shi da hannu.

Kuma kada a karɓi aikin a waya. Takardar A3 guda 2, a buga gaba da baya, a naɗe, a danna musu maƙali a tsakiya, shafuka 8 ke nan. A nan ɗalibi zai ga shuɗin nan mai walƙiya ya dushe saboda tawada ba haske ba ce, ya ga rubutun da ya kai baki ya tafi da wuƙar yanka, ya gane dalilin da ya sa shafi na 1 da na 8 ke zama a fuska ɗaya. A buga kofe biyu, ɗaya na malami, ɗaya a kai wa makaɗin da aka yi hira da shi, a karanta masa, a tambaye shi ko an rubuta sunayen 'yan amshinsa daidai.