Gudun Dogon Zango a Zangunan Ankara: Nazari a kan Nima, Mamobi da Tsohuwar Fadama

Kalmar gudu a Hausa ta fi kusa da tsira daga haɗari fiye da nishaɗi, shi ya sa idan aka ga magidanci yana sheƙa gudu a titi abin da ake fara tambaya shi ne me ya koro shi. Sunayen da Hausawa suka raɗa wa tseren marato, wato gudun kilomita 42 da mita 195, suna ɗauke da wannan fahimta, domin ana ce masa gudun famfalaƙi ko gudun yada ƙanin wani, wato gudun da tsananinsa kan sa mutum ya yar da yaron da ba nasa ba don ya tsira da ransa. Sassarfa kuwa, wadda take tsakanin tafiya da gudu, ita ce ainihin abin da mai gudun dogon zango yake yi a yawancin kwanakinsa. Duk wanda zai nazarci wannan al'ada a zangunan Ankara, babban birnin Gana, dole ya fara da wannan tazara da ke tsakanin sunan abin da yadda ake yin sa.

Zango asalinsa masaukin fatake ne, kuma kakannin mutane da dama a Nima da Mamobi da Sabon Zango sun taka hanyar goro daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, tafiyar da kan ci watanni, kafin yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwar garin. Saboda haka juriyar ƙafa gado ce a zango, sai dai juriya ce mai riba a ƙarshenta. Gudun da ba a kai kaya ko'ina, wanda mutum zai dawo inda ya tashi ba tare da ya sayar da komai ba, baƙo ne da ya shigo ta makaranta da barikin soja da filin ƙwallo.

Ta ƙungiya wannan gudu ya samu gindin zama. Tun daga shekarun 1980 aka san Gana da ƙungiyoyin motsa jiki na unguwa, waɗanda mambobinsu kan fito da safiyar Asabar ko Lahadi cikin riguna iri ɗaya, suna sassarfa a jere ana tafi ana waƙa, kuma ɗaya daga cikinsu, Dansoman Keep Fit Club, ita ta shafe shekaru tana shirya tseren marato na Milo a Ankara. Wannan tsari ya dace da zango, inda samari dama suke da majalisunsu da ake kira bes, wuraren shan shayi da musun ƙwallo. Mutum ɗaya da ke gudu shi kaɗai abin kallo ne, amma mutum talatin cikin riga ɗaya ƙungiya ce, kuma ƙungiya tana cire kunyar da kan hana mai iyali sa gajeren wando a gaban surukansa.

Lokacin gudun kuma ba zaɓin kowa ba ne. Ankara tana bakin teku kuma kusa take da layin da ya raba duniya gida biyu, don haka rana tana fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, iska kuma cike take da laima, ta yadda gumi ba ya saurin bushewa balle ya sanyaya jiki, zuciya kuma sai ta ƙara bugu don ta fitar da zafin. Abin da ya rage wa mai gudu shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin sallamar Asuba da fitowar motocin haya da ake kira torotoro. A wannan sa'a ake ganin saurayi ya fito daga masallaci, ya sauya silifas da kambas ɗin gwanjo na kasuwar Kantamanto wanda dunduniyarsa ta riga ta cinye ta gefe ɗaya, ya ratsa lungu yana tsallake kwata har ya fita babban titin Kanda, inda sabon Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021 yake, a nan ne ƙafa take samun sarari. Idan ya dawo, ledar fiya wata da koko da ƙosai su ne abincin ɗan wasan. Masu hali kan shiga mota zuwa Ayi Mensah su haura dutsen Aburi har Peduase, hanyar da kan cika da jama'a a ƙarshen mako. Da watan azumi kuwa tsarin yakan juye, wasu su koma bayan Tarawihi, wasu su ajiye takalmin sai bayan Salla.

Sai dai mafi yawan masu wannan gudu ba don gudun suke yi ba. Yaron Nima da ke zagaya filin Kawukudi yana hangen Mohammed Kudus ne, ɗan unguwarsu da ƙwallo ta kai Turai. Mai shirin shiga soja ko ɗan sanda yana tsoron gwajin ɗaukar aiki. Ɗan dambe kuma yana bin sawun mutanen unguwar Bukom irin su Azumah Nelson, waɗanda gudun safiya ginshiƙin horonsu ne. Dattijon da likita ya gaya wa yana da hawan jini ko ciwon suga shi ma umarni yake bi. Gudu a nan bara ne ga wata buƙata, kuma wannan ne ya bambanta zango da garin Iten na Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400 daga teku, inda gudun kansa sana'a ce da ake gina gida da ita. Ko da Ankara ta karɓi Wasannin Afirka a watan Maris na 2024, wasannin da suka faɗo cikin azumi, 'yan gabashin Afirka ne suka fi haskawa a dogon zango.

Mata kaɗan ne a wannan fage, kuma dalilin ya fi kama da tsoron bakin mutane da nauyin aikin safe fiye da hukuncin addini, tunda Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha.

A Tsohuwar Fadama ne batun yake fito da haƙoransa. Unguwa ce da ke gefen kogin Odaw da tafkin Korle, sunanta ma Hausa ne, wato ƙasa mai dausayi, kuma ta cika da 'yan arewacin Gana, musamman bayan rikicin Konkomba da Nanumba na 1994. Daga nan ne ɗimbin kayaye suke fita kullum, wato mata 'yan dako, sunan da ya haɗa kalmar Hausa kaya da kalmar harshen Ga mai nufin mata. Yarinyar da ta wuni tana ratsa kasuwar Makola ko Agbogbloshie da kwanon doya a ka, da gammon da ya jiƙe da gumi, wani lokaci da goyo a baya, ta yi aikin juriya da ya kai na kowane ɗan tsere, haka ma saurayin da ke tura kurar ƙarafa. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, kuma jikin da aka ƙarar wajen neman na tuwo ba shi da ragowar da zai kashe a titi don nishaɗi. Ga shi kuma iskar wurin ta daɗe tana ɗauke da hayaƙin wayoyin da ake ƙonawa don ciro tagulla, kafin hukuma ta rushe filin gwangwan na Agbogbloshie a Yulin 2021, kuma mai gudu ya fi mai tafiya zuƙar iska ninki da yawa.

Wannan ne ya sa kiran da ake yawan yi wa mutanen zango cewa su riƙa motsa jiki yake kuskure saiti idan aka yi shi da murya ɗaya ga kowa. Ma'aikacin ofis ko mai shago a Nima da ke wuni a zaune yana buƙatar gudun, kuma abin da ya rasa shi ne gefen titi mai aminci da fitila da fili. 'Yar dako a Tsohuwar Fadama hutu take buƙata, da wurin kwana da abinci mai gina jiki. Daga Nima zuwa Tsohuwar Fadama tafiyar 'yan kilomitoci ce da ɗan tsere zai cinye kafin rana ta yi zafi, amma a ɗaya ne kawai daga cikin unguwannin biyu ake iya kiran gudu abin sha'awa.