Jinjina ga Masu Kula da Emacs

Mai amfani da Org mode na manhajar Emacs, tsarin da masanin taurari Carsten Dominik ya fara a 2003, yana ajiye ayyukansa duka cikin fayil na rubutu zalla. Ya gama wani aiki, ya soke shi a waya da Orgzly, Syncthing ya kai sauyin kwamfuta. Emacs kuwa tana riƙe da kwafin da ta buɗe tun safe, jadawalin Org mode yana ta tuna masa abin da ya riga ya kammala.

Allah ya saka wa 'yan sa-kan da suka toshe wannan kafa, galibinsu ba a biyansu ko sisi. Tsarinsu na auto-revert-mode ya daɗe yana leƙa fayil duk daƙiƙa 5, ya sake loda shi in ya sauya. Daga sigar 24.4 ta 2014 kuma, kwamfutar ce ke sanar da shi, a Linux ta hanyar inotify. Ladabin auto-revert-mode ne ya fi burge ni: in ka yi gyara ba ka adana ba, ba zai taɓa rubutunka ba. Jadawalin kansa sai ka danna g ya sabunta, ko ka ɗaura umarnin a after-revert-hook.