Tumakin Takarda Ba Su Shan Ruwa

'Yan uwa, a fitowar da ta gabata ta ɗan littafin nan namu an buga labarin wani ɗan uwanmu, shafi shida, a kan wani yaro makiyayi na ƙasar Takanamat da ragonsa. Ranar da ya karanta mana shi a zaman Asabar mun tafa masa, har da ni. Da hutu ya zo na tafi gida da kwafi guda, na karanta wa innata da dare da hasken tocila. Ba ta katse ni ba har na kai aya ta ƙarshe. Sannan ta gyara zama ta ce: "To ke, tumakin ga nashi, ina su ka shan ruwa?"

Na koma na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Tumaki sittin, babu rijiya, babu guga, babu ko ɗan tabki. Tun ran nan nake son in rubuta wannan sharhi. Na faɗa wa mai labarin kafin in ɗauki bik, ya ce in rubuta, don haka kada wani ya ɗauka gaba ce.

Ga wanda bai karanta ba, labarin ke nan a taƙaice. Yaro ɗan shekara goma sha biyu yana kiwon tumakin ubansa, farare tas. Cikin damina yakan zauna a inuwar gawo yana busa sarewa, su kuma suna kiwo kewaye da shi. Akwai rago guda da ya shaƙu da shi. Gab da sallar layya uban ya sayar da ragon, yaro ya bi motar da gudu yana kuka, wani dattijo ya tare shi ya ba shi haƙuri da kalamai masu daɗi. Shi ke nan.

Bari in fara da gawon. Duk wanda ya taɓa noma ƙarƙashinsa ya san gawo ba ya da inuwa da damina. Lokacin da sauran itatuwa ke yin ganye shi zubar da nasa yake, ya tsaya tsirara har kaka, shi ya sa hatsi ke yin kyau a gindinsa. Sai rani ya yi sannan ya yi kore, ya zubo 'ya'yan nan nasa masu lanƙwasa da muke tsincewa a kwarya mu kai wa bisashe. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, itace ne kawai. A wurina ba ƙarami ba ne, don daga nan mai karatu ɗan ƙauye zai gane cewa marubucin bai duba sama ba. Ya ɗauko inuwar daga wani wuri ya aza wa gawo. Da ya ce aduwa ko bagaruwa da ban ce komi ba.

Zaman ma kansa ba ya yiwuwa. Damina ita ce lokacin da yaro mai kiwo ba ya ganin ta zama. Gonaki sun kewaye ko'ina, burtali ya matse, wani wurin ma an nome shi. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa a ƙasar nan, mu kuwa ba mu da nisa da ita, kuma kowa ya san gonaki sun daɗe da ƙetare ta. Ka rintsa ido kaɗan tunkiya ta faɗa cikin waken wani. Daga nan sai gaban maigari, a aika a duba ɓarna, a yanke abin da za a biya, yaro kuma ya sha kashi a gida. Ga labari nan kwance, mai tsoro da gudu da ƙarangiya a ƙafa, ɗan uwanmu ya tsallake shi ya ba yaronsa sarewa.

Sai maganar sittin. Zakkar tumaki daga arba'in take farawa, a fitar da guda. Ku tambayi kanku gida nawa kuka sani a garinku, na manoma, da suka taɓa fitar da ita. A gidanmu ban taɓa ganin sun wuce tara ba, har da awaki. Mai tumaki sittin a ƙauye irin namu attajiri ne, kuma attajiri ba ya rasa yadda zai bar wa ɗansa rago guda. Ka ga adadin da kansa ya karya ƙarshen labarin. Da tumakin huɗu ne, da sayar da guda ya yi zafi. Kuma ba duka farare ba ne. Namu na nan akwai ara-ara irin na Buzaye masu dogayen ƙafafu, akwai uda masu dogayen kunnuwa, gaba baƙi ko ja baya fari kamar an tsoma su a rini, akwai ruwa biyu da ba ka iya cewa ga iyayensu. Babban farin balami da muke gani a hotunan kalanda, na wajen Maradi, cinsa ya fi ƙarfin rumbunmu.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne babu mace a labarin. An ambaci uwar yaron sau ɗaya, tana miƙa masa hura. To tumakin na wa ne? A gidajen da na sani, mafi yawan ƙananan bisashe na mata ne. Wata ta samu tunkiya a kayan aurenta, wata ta saya da kuɗin adashi, wata 'yar uwa ce ta ba ta riƙo, in ta haihu ta ɗauki ɗiya ta maida uwar, irin abin nan da Fulani ke kira habbanaye. Ita ke sanin wadda ke da ciki da watan da za ta haihu, ta lissafa wata biyar a kanta ba da kalanda ba.

Ga yadda wuni yake, tunda labarin bai faɗa ba. Da asuba a kwance su, a kora su bakin gari wurin makiyayin da ke tara na kowa da kowa. Ragon turka shi ba ya zuwa ko'ina, yana nan a turke ƙarƙashin rumfa. Ta yi surfe, ta bushe dusa ta aje masa, ta wanke hatsi ta zuba masa ƙasari, ta jefa 'yar kanwa. Harawa tana bisa rufin ɗaki ko cikin reshen itace inda akuya ba ta kai, ana ciro ta da awo kamar magani. Karan hatsi da a dā ake bari a gona, yanzu ana gama girbi kowa ke rige-rigen kwashe nasa, don ya zama kuɗi. Sannan ruwa. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da tabkuna suka ƙafe, mu 'yan mata ne a bakin rijiya tun rana ba ta fito ba, igiya tana cin tafin hannu, jaki na jira da bido biyu. Rago ba ya san an sha wuya ba, ya kafa kai ya shanye ya ɗago yana kallonki. Da marece a share kashinsu a tara, takin gona ne. Da dare in an ji tari a garke, inna ce ke tashi da tocila. Mun taɓa rasa tunkiya da ta yi ta ramewa ba a san dalili ba, da aka yanka sai ga dunƙulen leda cike da tumbinta.

Duk wannan aiki ɗan uwanmu ya ɗauke shi daga hannun mata ya ba yaro da ubansa, su kuma ba su yi shi ba.

Uban ma, a labarin, kullum yana gida kan tabarma. A Adar? Da an gama kaka, samari da magidanta nawa ke saura a gari? Sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Shawarar sayar da rago a yau sau da yawa ta waya ake yin ta. Ya aiko saƙon murya ya ce kuɗi ba su samu ba wannan wata, ta saurara sau biyu, ta dubi turke. Ƙanin miji ko babban ɗa ke ja zuwa kasuwa, wani lokaci har Tawa ranar Lahadi. Can dillali ya kama igiya, daga nan kai da ragonka sai kallo. Shi zai taɓa gadon baya, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ja mai saye gefe su yi ƙus-ƙus. In an sallama ya cire la'adarsa. Kuma farashin ba a Tawa kaɗai ake yanka shi ba. Bisashenmu da yawa kudu suke bi ta Ƙonni su shiga Najeriya, in naira ta faɗi ko an rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma 2023, har turken innata sai an ji.

Wannan ya kawo ni ga kukan yaron, wanda shi ne zuciyar labarin. Ban ce yaro ba ya shaƙuwa da rago ba. Ni ma na yi kuka a kan wani mai baƙin kunne. Amma ragon turka tun ranar da aka ɗaure shi kowa ya san inda za shi, har yaran gida. Sayar da shi gab da layya, da ƙiba, da tsada, ranar murna ce: ranar ake biyan bashi, a yi wa yara ɗinkin salla, a sayi ɗan rago ƙarami a maida a turke. Sayarwar da ke sa gida ya yi tsit wata ce daban. Ita ce ta bazara, rumbu ya ƙare, ruwa bai sauka ba, hatsi ya hau, bisashe sun rame, kowa ya kawo nasa kasuwa rana guda. Ran nan tunkiya mai ciki ake ja, uwar garke, a bayar da ita a kuɗin da ba su cika buhu ba. An sayar da ita, an sayar da abin da ke cikinta, an sayar da na baɗi. Waɗanda suka ga 2005 da 2010 sun san wannan, kakanninmu kuma in suka fara zancen 1984 sai sun yi shiru a tsakiya. A irin wannan rana ba wanda ke bin mota da gudu. Innata ta taɓa dawowa daga irin wannan ciniki, ta rataye igiyar a inda take rataye ta kullum, ta shiga daka. Ba ta ce uffan ba har dare.

Dattijon da ya zo da haƙuri a ƙarshe kuwa, ban san daga wane gari yake ba. Hausar finafinan Kano ce a bakinsa. Ba ni da faɗa da Hausar Kano, da ita nake rubuta mafi yawan wannan takarda. Amma tsohon Takanamat in ya buɗe baki "munka" da "sunka" za ka ji, "tahi" zai ce, "mi" zai tambaya. Muna karatu a garin da jami'arsa ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, mutumin da ya zauna ya rubuta tarihin Adar, sannan mu ji kunyar sa wa tsofaffinmu harshensu a baki.

Kada in yi rashin adalci. Akwai wuri guda, a shafi na huɗu, inda garken gari ke dawowa da magariba cikin ƙura, yana shiga gari yana watsewa, kowace tunkiya ta nufi ƙofar gidansu ba mai kora, 'ya'yan da aka bari a gida suna amsa kukan uwayensu ta bayan darni. Nan innata ta yi murmushi ta ce: "Wanga kam ya gani." Ya gani ɗin ne. Jimlolinsa a nan gajeru ne, babu ado, bai ce abin ya yi kama da komi ba. Mutumin da ya rubuta wannan sakin layi yana iya rubuta sauran. Abin da ya faru, a ganina, inda ya tuna ya rubuta abin da ya tuna, inda ya manta ya cike da abin da ya karanta a littattafan lakwal.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa na tsawaita. Mu da muka baro ƙauye muka zo Tawa karatu, in za mu rubuta gida hanya biyu muke bi. Ko mu wanke shi tas ya zama wurin hutu mai sarewa, ko mu rubuta shi kamar rahoton masu ba da agaji, yunwa da fari da yara masu ƙuda a ido. Ni ta biyun na bi bara, wasunku sun tuna, kuma ba wanda ya tsawata mini. Duka biyun don baƙo ake rubuta su. A cikinsu ba ka samun mace mai lissafi, wadda ta san rago nawa ne kuɗin kaye da na mota da na hayar ɗaki. Shekarata ta farko a lise na ce wa abokaina kawuna ne ke biya mini. Ƙarya ce. Tunkiya ce mai jan wuya, ta haifi tagwaye sau biyu.

Ɗan uwa, na roƙe ka kada ka yar da labarin. Rage tumakin su koma biyar. Maida su ga uwar. Matsar da cinikin daga layya zuwa bazara, ka ga ko yaron zai yi kuka ko wani abu daban zai yi. Innata ta ce in kana so ka zo hutun Afrilu ka kwana biyu, akwai ɗaki. Ta ce ka taho da takalmi mai ƙwari, guga kuma akwai na aro.