Idon Yaro da Idon Majigi: Ra'ayin Mai Karatu a kan Littattafan Samari Uku

A ƙasashen Turawa, musamman Amurka, akwai wani rukuni na ƙagaggun labarai da a ke rubutawa domin samari da 'yammata, watau waɗanda suka wuce tatsuniya amma ba su kai ga littattafan manya ba, daga shekara 12 zuwa kamar 18. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna an mai da su wasan sinima, har ya zamana yaro ya kan ga labari a majigi tun bai taɓa riƙe littafinsa ba. Wannan al'amari ya shafi malamai ƙwarai, domin ɗalibin da ya ga hoto ya kan ɗauka ya gama da littafi. Nufina a wannan takarda in ɗauki uku daga cikin littattafan nan, in faɗi abin da na lura da shi bayan na karanta su, na kuma kalli majiginsu.

Yawancin masu kushe irin waɗannan wasanni su kan tsaya ne ga ƙidayar abin da aka yar: an cire wane, an taƙaita wuri kaza. A ganina wannan ƙaramar magana ce. Littafin da a ke kwana uku ana karantawa ba ya shiga sa'a biyu sai an rage shi, kuma wanda ya ɗauki kaya ya san abin da zai iya kai wa gida. Babbar magana ita ce inda aka tsai da mai kallo. Ƙarfin littafin samari yana cikin ƙarancin sanin yaron da a ke ba da labarinsa. Marubuci ya kan kulle mu a cikin kan yaron, ba mu sanin kome sai abin da ya sani, in ya yi kuskure mu yi tare da shi, in ya gane mu gane tare. Na'urar ɗaukar hoto kuwa a waje ta ke tsayawa, tana duban yaron kamar yadda babba ke dubansa. To, da wannan ma'auni za mu auna littattafan nan uku.

Na farko shi ne The Outsiders, wanda S. E. Hinton ta fara rubutawa tana 'yar makarantar sakandare a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, aka buga shi a 1967 tana da shekara 18. Mai ba da labari wani maraya ne ɗan shekara 14, sunansa Ponyboy, yana zaune da yayyensa biyu, Darry da Sodapop. Su 'ya'yan talakawa ne, kullum suna cikin gaba da 'ya'yan masu hali na ɗaya gefen gari. Wata rana da dare abokinsa Johnny ya soke ɗaya daga cikin abokan gabar ya mutu, su biyu suka gudu suka ɓuya a wata tsohuwar majami'a. Sai a ƙarshe mai karatu ke gane cewa littafin duka insha'i ne da yaron ya rubuta wa malaminsa na Turanci.

Abin da ya fi kama ni a littafin ba faɗace-faɗacen ba ne. Ponyboy ya haƙiƙance cewa babban wansa Darry ba ya sonsa, don kullum cikin yi masa faɗa ya ke. Mai karatu ba shi da wani shaida sai yaron, saboda haka ya kan yi tafiya mai nisa yana jin haushin Darry, har ranar da suka gamu a asibiti yaron ya ga wansa yana hawaye. A nan ne ya gane cewa tsananin nan tsoro ne, na matashi ɗan shekara 20 da ya bar zancen karatu ya kama aiki domin kada hukuma ta raba shi da ƙannensa. Wannan ganewa ita ce ladan mai karatu. A majigin da Francis Ford Coppola ya yi a 1983 kuwa, tun daga farko muna ganin fuskar Darry da idonmu, muna karanta damuwa a cikinta. Mun riga yaron sani, saboda haka sa'ad da ya gane, mu tausayinsa kawai mu ke ji, ba mu gane kome tare da shi ba.

Tarihin majigin nan abin lura ne. Wata mai kula da ɗakin karatu a wata makaranta ta Fresno a Kalifoniya, ita da ɗalibanta, su ne suka rubuta wa Coppola takarda a 1980 suna roƙonsa ya mai da littafin sinima. Da wasan ya fito an datse shi ƙwarai, an yar da yawancin zaman 'yan'uwan nan a gida da kuma tsayawar yaron gaban alƙali. A 2005 Coppola ya sake fito da shi, ya mai da kamar minti 22 na abin da aka cire. Lalle na biyun ya fi na farkon cika, amma abin da na ambata bai komo ba, domin ba tsawon lokaci ne ya ɗauke shi ba.

Na biyu shi ne The Giver na Lois Lowry, wanda ya fito a 1993, ya ci lambar Newbery a 1994. A nan ba yaron ne ke magana da bakinsa ba, amma marubuciyar ba ta taɓa matsawa daga kafaɗarsa ba. Jonas yana gab da cika shekara 12 a wani gari da aka kawar da yunwa da yaƙi da zaɓi, kowa hukuma ce ke ba shi aiki da mata da 'ya'ya. Aka zaɓe shi ya karɓi tunanin zamanin da daga wani tsoho, wanda shi kaɗai ke riƙe da shi.

Dabarar Lowry a nan ta isa a yaba mata. Ta yi babi bayan babi ba ta ambaci launin kome ba, mai karatu kuwa bai lura ba, don kowa da kansa ya ke shafa wa labari launi a zuciyarsa. Jonas yana wasa da tuffa sai ya ga ta sake a idonsa, ya rasa sunan abin da ya gani. Haka kuma ya gani a gashin wata yarinya. Sai can tsohon ya gaya masa cewa ja ne ya fara gani, mutanen garin kuwa ba su ganin launi ko kaɗan. A wurin nan mai karatu ya kan dakata ya waiwaya, ya ga ashe shi ma an hana shi abu bai sani ba. Majigin da Phillip Noyce ya yi a 2014 ya buɗe da hoto baƙi da fari, sa'an nan launi ya riƙa shigowa kaɗan kaɗan. Abin yana da kyan gani, ban musa ba. Amma tun minti na farko mai kallo ya san garin ba launi, ya zama baƙo mai leƙen makafi, alhali littafin makaho ya mai da shi.

Har wa yau an girmar da Jonas, aka ba ɗan wasan da ya haura shekara 20, aka ƙara soyayya da tsere da farauta. Wannan ya rage nauyin wurin da ya fi kowane ban tsoro a littafin, inda yaron ya kalli hoton ubansa yana yi wa ƙaramin tagwaye allura ya kashe shi, yana yi masa 'yar muryar lallashi. Ɗan shekara 12 da ya ga haka, duniyarsa ce ta rushe. Saurayi mai ƙarfi kuwa, mun san zai tashi ya yi wani abu. Ƙarshen littafin ma a buɗe aka bar shi: Jonas da jaririn da ya gudu da shi suna cikin dusar ƙanƙara, yana jin kamar kiɗa daga nesa, ba a ce sun tsira ba, ba a ce sun mutu ba. Majigin ya nuna mana tunanin nan ya koma wa mutanen gari, ya rufe ƙofar da marubuciya ta bari domin ɗalibai su yi gardama a kai.

Na uku, The Hunger Games na Suzanne Collins, na 2008, shi ya fi wuyar sha'ani, don haka zan daɗe a kansa. A ƙasar Panem akwai babban birni da gundumomi 12. Kowace shekara kowace gunduma tana ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya, tsakanin shekara 12 da 18, ta hanyar ƙuri'a. A zuba su 24 a wani fage su kashe juna har saura ɗaya, ƙasa duka tana kallo a talabijin. Katniss, 'yar shekara 16, ta ba da kanta a madadin ƙanwarta. Ita ke ba da labarin da bakinta, kuma a lokacin da abin ke faruwa, ba bayan ya wuce ba. Collins ta bayyana cewa tunanin ya zo mata ne tana sauya tashoshi tsakanin wani wasan gasa da hotunan yaƙin Iraƙi.

Katniss mutum biyu ce: wadda a ke nuna wa 'yan kallo, da wadda ke lissafi a ciki. Sa'ad da ta ke jiyyar Peeta a cikin kogo, ta lura cewa in ta nuna masa so, mai horar da su ya kan aiko da romo ta 'yar laima. Ta gane soyayya ce a ke saya da abinci, ta shiga sayarwa, har ta kai ita kanta ba ta iya rarrabe wasa da gaskiya. Mai karatu yana cikin wannan ruɗu tare da ita. A majigin Gary Ross na 2012 an sa mai horarwar ya haɗo da 'yar takarda domin mu fahimci cinikin, Jennifer Lawrence kuma ta yi iyakar ƙoƙari da fuskarta. Duk da haka abin da ido ke gani saurayi da budurwa ne a kogo, watau daidai abin da mutanen babban birni ke gani.

A nan ne matsalar ta ke. Littafin yana zargin masu kallon yara suna mutuwa don nishaɗi. Da aka mai da shi sinima, sai muka sayi tikiti muka zauna a kujerun waɗanda a ke zargi, wasan kuwa ya tara kusan dala miliyan 700 a duniya. Domin a bar yara su shiga kallo, aka riƙa girgiza na'ura a wuraren kisa, a Ingila ma aka yanke daƙiƙa 7. An kuma sassauta abubuwa biyu masu nauyi. A littafin Peeta ya rasa ƙafarsa, a majigin ya fito lafiya. A littafin karnukan da aka saka musu a ƙarshe suna da idanun yaran da suka mutu, a majigin karnuka ne kurum. Ta haka kisan ya yi sauƙin haɗiya, abin da littafin ya ƙi yarda da shi ke nan.

Amma adalci ya wajaba. Tun da na'ura ba ta iya shiga kan Katniss, sai masu wasan, da Collins kanta a cikin marubutansa, suka fita da ita inda yarinyar ba ta iya zuwa. Suka nuna ɗakin da ma'aikata ke zaune cikin tsabta suna kunna wuta da sakin dabbobi da yatsa, suka nuna shugaban ƙasa a lambunsa yana bayyana amfanin ba talaka ɗan buri kaɗan. Bayan mutuwar Rue, ƙaramar yarinyar nan ta gunduma ta 11, littafin ya ce mutanenta burodi suka aiko wa Katniss. Majigin ya nuna sun yi bore. Waɗannan ƙari ne na gaske, sun ba mu sanin yadda mulkin ke aiki. Cikin ukun, wannan ne kaɗai ya san abin da ya rasa ya kuma biya da wani abu nasa.

Ba duk littafi ne ke da wannan wuya ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, na 1934, wanda Adamu Halilu ya mai da majigi a 1976, shi ma labarin yaro ne, amma dattijo ne ke ba almajiransa bayan ya san ƙarshensa. Idon babba yana nan tun a takarda, saboda haka na'ura ta sami wurin tsayawa. Littattafan nan uku kuwa ba su da dattijon da ke zaune a tsakani.

Abin da na ke ba malaman kwalejojin horarwa shawara a kai shi ne tsari da irin tambaya. A fara da littafi, domin wanda ya ga garin Jonas baƙi da fari ba zai ƙara ruɗuwa da tuffar nan ba har abada, alhali wanda ya karanta ba abin da kallo zai rage masa. In an gama duka biyu, kada a ce wa ɗalibai su lissafa abin da aka cire, wannan aikin magatakarda ne. A tambaye su: a wuri kaza, wa ya riga sani, ku ko yaron? Me ya sa marubuci ya ɓoye muku, me ya hana mai majigi ɓoyewa? Ɗalibin da ya iya amsa wannan ya fahimci abin da a ke nufi da mai ba da labari, kuma zai iya kai wannan fahimta ga Ruwan Bagaja ko Ganɗoki, ya tambayi kansa ko wa ke magana, da kuma iyakar abin da za a yarda da shi daga bakinsa.