Jinjina ga Masu Dabon Karta

Haƙiƙa, sa'ad da gwanin dabo irin Juan Tamariz na ƙasar Sifen ya kammala wasa ɗaya, jama'a suna tafi, shi kuwa yana barkwanci yana jujjuya karta tamkar mai hutawa, a sa'an nan ne aikin gaske yake gudana, domin yatsunsa suna mayar da kowace karta mazauninta bisa tartibin da ya haddace, kamar yadda ɗalibi yake haddace baitocin nahawu. Lissafi ne da riyalar shekaru, kuma wallahi ya cancanci yabo. Ga misalin lissafin: ka raba karta 52 gida biyu daidai, ka saƙa su ɗai-ɗai sau 8, ta sama tana nan a sama, sai jerin ya koma asalinsa.