Ƙona Littafi da 'Yancin Mai Karatu: Sharhi a kan Takunkumin Labaran Soyayya a Kano

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano, wadda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa don gyaran ɗabi'un jama'a, ta shirya taro a wata makarantar 'yan mata, inda aka tara littattafan soyayya na Hausa aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Dalilin da aka bayar shi ne, wai littattafan suna ɓata tarbiyya, suna kuma ɗauke hankalin ɗalibai daga darasi. Shekara ɗaya bayan haka, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, ta nemi marubuta su yi rajista da ita, su kuma riƙa kai mata rubutunsu kafin a buga. Marubuta suka ƙi amincewa, har sai da Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya ta shiga tsakani.

An yi rubuce-rubuce da dama a kan wannan takaddama, sai dai galibinsu sun tsaya ne a kan marubuci da hukuma. Akwai mutum na uku da ba a cika waiwayarsa ba, wato yarinyar da aka karɓe littafin daga hannunta. Manufar wannan maƙala ita ce a duba al'amarin ta fuskarta. Za a fara da asalin waɗannan masu karatu, sannan a dubi abin da littattafan suka ƙunsa, a auna hujjojin masu hani, daga ƙarshe a ga abin da hanin ya haifar.

2.0 Asalin Masu Karatun

Ƙagaggen labari na boko a ƙasar Hausa ya soma ne a hannun hukuma. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar da Idon Matambayi, kuma makaranta aka nufa da su. Tun daga lokacin har wajen shekaru hamsin, kusan duk littafin Hausa da ya isa hannun yaro sai ya bi ta hannun edita a Zariya, ya bi ta hannun jami'in ilimi, kafin malami ya miƙa masa. Ke nan tacewa ta daɗe, illa dai ba a kira ta da wannan suna ba.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Na farko shi ne shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976, da kuma yaƙi da jahilci da Jihar Kano ta ƙarfafa daga 1980, waɗanda suka yaye ɗimbin matasa da matan aure masu iya karanta boko. Na biyu shi ne karayar tattalin arziki ta shekarun 1980, wadda ta raunana manyan kamfanonin ɗab'i. Sai aka wayi gari ga masu karatu, babu abin karantawa. Matasan da kansu suka cike giɓin: suka rubuta, suka kai ƙananan maɗaba'u, suka sayar a kasuwa, masu shaguna kuma suka riƙa ba da haya. Wannan shi ne abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, wanda shi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme da wasu suka daɗe suna muhawara a kansa a jaridu cikin shekarun 1990.

Abin lura a nan shi ne, wannan ne karo na farko da matashin Bahaushe, musamman mace, ya zaɓi littafi da kansa, ya biya da kuɗinsa, ba don jarrabawa ba. Saboda haka wutar 2007 ta faɗa ne a kan sabuwar ɗabi'ar da malaman Hausa suka yi shekaru suna fatan samuwarta.

3.0 Abin da Littattafan Suka Ƙunsa

Da yake hukuncin ya hau kan nau'in adabin ne gaba ɗaya, ya kamata a auna shi da fitattun misalansa.

A cikin Wa Zai Auri Jahila? (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, an cire Abu daga makaranta tana ƙarama, saurayin da aka yi mata alkawari ya guje ta saboda rashin ilimi, aka aurar da ita ga dattijo, Sarkin Noma, ba da sonta ba. Ta gudu, ta koma karatu, ta zama mai dogaro da kanta. Jigon littafin shi ne darajar ilimin 'ya mace. Da wuya a sami labarin da ya fi wannan ƙarfafa wa ɗaliba gwiwar zama a aji. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne (1990) kuwa, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, Rabi ta riƙe su da sana'ar abinci, shi kuma dukiyarsa ta salwanta. Tun daga sunan littafin an san wa'azi ne a kan sakayya. In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino ya kawo Sumayya, 'yar masu hali, wadda ta zaɓi Muhammad talaka, danginta kuma suka fi son mai kuɗi.

Wannan jigo na ƙarshe tsoho ne. Shi ne ƙashin bayan Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda attajiri Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainab da ƙarfin dukiya, abin ya ƙare da ramuwar gayya. An yi shekaru ana koyar da Jiki Magayi a makarantu ba wanda ya ce a ƙona shi. Haka nan Ruwan Bagaja cike yake da damfara da ƙarya da keta tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, amma ba a taɓa tsoron yara za su fito 'yan damfara ba, domin an yarda cewa mai karatu yana iya bambance labari da umarni. In har an yarda da haka ga littafin Abubakar Imam, sai a kawo dalilin da zai hana a yarda da shi ga littafin Balaraba. Bambancin da ke bayyane dai shi ne, a littattafan baya mace ce ke magana, kuma abin da take ƙorafi a kai yana faruwa ne a cikin gida: auren dole, da sakin wulaƙanci, da rashin adalci tsakanin mata.

Ba za a ce duk littattafan haka suke ba. Da yawa daga cikinsu suna da raunin zubi, da karya ƙa'idojin rubutu, da kwaikwayon finafinan Indiya, da kambama motoci da gidaje, wasu ƙalilan kuma sun taɓa batsa. Amma rauni irin wannan aikin mai sharhi ne da edita. Wuta ba ta karatu, ba ta san mai kyau ba balle maras kyau.

4.0 Hujjojin Masu Hani

Hujja ta farko ita ce tarbiyya. Iyaye suna da haƙƙi, addini da al'ada sun ɗora musu nauyin kula da abin da ke shiga zuciyar ɗansu, makarantar kwana kuma amana ce. Wannan gaskiya ne, ba mai musunsa. Sai dai akwai tazara tsakanin uba ya hana 'yarsa wani littafi da ya karanta ya ga aibinsa, da hukuma ta hana 'ya'yan kowa dukkan wani nau'i na littafi. Na farko ya san yarinyar, ya san littafin. Ta biyu ba ta san ko ɗaya ba.

Hujja ta biyu ita ce ƙuruciya, wato ɗaliba ba ta kai ta zaɓa wa kanta ba. A nan akwai tufka da warwara. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar ko sha shida, a wurare da yawa na ƙasar Hausa, ana ganin ta isa aure, ta isa riƙon gida, kuma a shari'a mukallafa ce da za a tambaya a kan salla da azuminta. To, yaya wadda ta isa a ɗaura mata aure ba ta isa ta karanta labarin aure ba? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru don kai karatu ga mata har ƙauyuka. Gadon da suka bari na faɗaɗa karatun mace ne tare da jagora.

Hujja ta uku ita ce shagala, wato labari yana cin lokacin darasi. Ita ce mafi ƙarfi, ita ce kuma mafi sauƙin magani. Makaranta tana da ikon tsara lokaci, ta hana karanta labari a aji ko lokacin bitar dare, kamar yadda take hana wasa. Wannan bai buƙaci ashana ba. Daɗin daɗawa, duk malamin harshe ya san cewa saurin karatu da yalwar kalmomi daga yawan karatu suke samuwa, yawan karatu kuwa sai da sha'awa.

5.0 Manhaja Daban, Zaɓin Kai Daban

Yana da kyau a bambance littafin da aka tilasta wa yaro da wanda ya ɗauka don kansa. A 2023 gwamnatin Kano ta hana amfani da The Queen Primer da wasu littattafai a makarantun ƙananan yara. Ko an yarda da dalilan ko ba a yarda ba, wannan hukunci ne a kan manhaja, kuma zaɓen abin da za a koyar aikin hukumar ilimi ne, musamman ga yaro ɗan shekara biyar. Karatun nishaɗi na budurwa 'yar sakandare wani abu ne daban.

An taɓa gwada wannan bambanci a gaban shari'a a Amurka. A 1976 hukumar makarantun Island Trees a Jihar New York ta kwashe wasu littattafai daga laburaren makaranta, sai ɗalibai, bisa jagorancin Steven Pico, suka kai ƙara. A 1982 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ƙi goyon bayan hukumar. Babban ra'ayin da aka rubuta ya nuna cewa hukuma tana da faɗin iko a kan manhaja, amma ba ta da ikon kwashe littafi daga laburare don kawai ba ta son ra'ayin da ke ciki. Dokar Amurka ba ta hau kan Kano ba, amma ma'aunin yana da amfani. Har wa yau, sashe na 39 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar da 'yancin karɓar ra'ayi da bayani, Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kuma ta ambaci wannan 'yanci ga yaro, tare da amincewa da jagorar iyaye gwargwadon girman hankalinsa.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

Hani bai kashe labaran soyayya ba. Abin da ya raunana kasuwar littafin takarda shi ne tsadar ɗab'i da shigowar wayar hannu. Marubuta da masu karatu suka yi ƙaura zuwa Facebook da WhatsApp da Wattpad, inda ake sakin labari shafi-shafi. A can babu edita, babu mai shago da ya san uban yarinya, sau da yawa ma babu sunan marubuci na gaskiya, kuma batsar da ke yawo a wasu daga cikin waɗannan rubuce-rubuce ta wuce duk abin da aka ƙona a 2007. Littafin takarda uwa tana iya ganinsa a ƙarƙashin matashi, ta buɗe, ta yi faɗa ko ta yi nasiha. Na cikin waya ya fi ƙarfin idonta. An gudu daga tsalle an faɗa rami ke nan, domin an koya wa yara cewa karatun nishaɗi abin ɓoyewa ne tun kafin su sami wurin ɓuya.

A ɗaya ɓangaren, adabin da aka wulaƙanta ya sami daraja. An fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi a 2012, ana nazarin waɗannan littattafai a jami'o'i, Sashen Hausa na BBC kuma ya buɗe gasar Hikayata ta mata marubuta a 2016.

7.0 Kammalawa

An ga cewa labaran soyayya su suka fara samar wa Hausa masu karatu na son rai, cewa fitattunsu suna kan tafarkin gargaɗi da aka sani tun 1933, kuma hujjojin hani, duk da gaskiyar da ke cikinsu, sun fi dacewa da jagora. Abin da ya rage shi ne aiki. Ya kamata kowace makarantar sakandare ta sami laburaren Hausa da malamai suka karanta suka jera bisa shekarun ɗalibai, a bar ɗaliba ta zaɓa daga ciki. Ya kamata malamin adabi ya shigo da littafin da ɗalibansa ke karantawa a ɓoye cikin aji, a warware jigonsa, a auna salonsa, a nuna inda ya yi ƙarya game da rayuwa. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su ya kamata su horar da malamai a kan wannan, su kuma riƙa fitar da sharhin sababbin labarai, har da na intanet. Ɗalibar da aka koya wa tantance labari za ta ajiye maras kyau da hannunta, ko da malami ko babu.