Daga Ƙyallen Zane Zuwa Yumɓu: Masu Zanen da Suka Rungumi Ginin Tangaran

A tarihin fasahar Turai akwai wata al'ada da ke ɓullowa lokaci bayan lokaci: mai zane da ya ƙware a fenti da buroshi ya ajiye ƙyallensa, ya shiga wurin magina tukwane, ya riƙa gina siffofi da yumɓu, ya shafe su da launuka masu ƙarfi, sannan a gasa. Yawancin abin da suke ginawa daga halittu suke ɗauko shi: tsuntsaye, kifaye, furanni, 'ya'yan itatuwa, ƙadangaru, duwatsu, rana da wata. Ko da aikin ya fito da siffar tulu ko faranti, don kallo aka yi shi, kuma launi ne ginshiƙinsa, abin da ya raba shi da sassaƙar dutse ko zubin tagulla. Mai zanen da ya saba da iko a kan kowane ɗigon fenti, idan ya shiga wannan fage, dole ya raba ikon nan da wuta da kuma magini. Nagartar aikinsa tana bin gwargwadon yadda ya yarda da wannan rabo.

Bambancin fenti da yumɓu

Mai zane a kan ƙyalle yana ganin launinsa tun yana ajiye shi, kuma in bai gamsu ba sai ya kankare ko ya rufe da wani. A aikin tangaran launi yana fitowa ne daga garin ma'adinai da ake damawa cikin ruwan ƙyalli, wato haɗin da ke narkewa a wuta ya koma gilashi a jikin yumɓu. Kobal na ba da shuɗi, manganis na ba da shunayya ko ruwan ƙasa, kuza kuma na ba da fari mai rufe launin yumɓun gaba ɗaya. Jan ƙarfe yana fitowa kore idan iska ta wadata a cikin tanderu, amma ya juye ja idan aka toshe iska hayaƙi ya yi yawa. Kafin gashi, yawancin haɗe-haɗen nan toka-toka ne ko fari-fari. Mai zane yana aiki ke nan da launin da bai gani ba tukuna, kamar marini da ke tsamo zane daga karofi yana kore-kore, da sanin cewa sai ya sha iska zai koma shuɗi.

Shi ma yumɓun yana da nasa sharuɗɗa. Yana tsukewa yayin bushewa da gashi, sau da yawa da kusan kashi 10 cikin ɗari ko fiye. Siffa mai kauri sai an bar mata rami a ciki, kuma sai ta bushe sarai, in ba haka ba damshin da ya saura zai zama tururi ya tarwatsa ta. Yawanci sau biyu ake gashi, na farko don jiki ya yi tauri, na biyu don ƙyalli ya narke. Yumɓu irin na kwanuka da farantai ana gasa shi a zafin digiri 1000 zuwa 1100 na ma'aunin Salshiyas, kuma launukansa suna fita tas. Wanda ake so ya yi taurin dutse sai an kai shi digiri 1200 zuwa 1300, inda launuka ke rage kaifi su ƙara zurfi.

Palissy da farantan halittu

Wanda aka fi danganta tushen wannan al'ada da shi shi ne Bernard Palissy, Bafaranshe da aka haifa wajen 1510. Zane a jikin gilashi ya fara koya, yana kuma aikin awon filaye. Bayan ya zauna a garin Saintes ya ga wani farin kofi mai ƙyalli, ya ƙudurta sai ya gano sirrinsa. Ta bakinsa, shekara 16 ya yi yana gwaji, har ya kai ga ƙona kujeru da katakon gidansa don kada wutar tanderu ta mutu. Abin da ya samu daga ƙarshe shi ne ƙyalli mai launuka masu gudana cikin juna, wanda ya yi amfani da shi a manyan farantai masu kama da bakin rafi: maciji a naɗe a tsakiya, kifaye da kwaɗi da ƙadangaru da ganyaye da katantanwa kewaye da shi.

Palissy ba da ka yake ƙirƙiro halittun nan ba. Yana zuba filasta a jikin ainihin maciji ko ganye ya sami mazubi, sannan ya danna yumɓu a ciki, shi ya sa har ɓawon kifi da jijiyar ganye suke fita. Sarauniya Catherine de' Medici ta sa shi aikin wani kogo na tangaran a lambun Tuileries da ke Faris. Ya mutu a kurkukun Bastille wajen 1590, inda aka tsare shi saboda bin ɗariƙar Furotesta.

Gauguin da ƙarshen ƙarni na 19

Paul Gauguin ya fara taɓa yumɓu a 1886 a wurin magini Ernest Chaplet a Faris. Ya ƙi faifan juyi da magina ke fitar da tukwane masu daidaito a kansa, ya zaɓi gini da hannu, yana liƙa ganyaye da dabbobi da fuskokin mutane a jikin kofuna da tuluna masu karkatacciyar siffa. A Peru ya yi ƙuruciyarsa, kuma tukwanen mutanen da na ƙasar, masu siffar kawuna da dabbobi, sun bar alama a aikinsa. An ƙiyasta ya yi kusan guda 100, kimanin 60 ne suka tsira. Mafi shahara ita ce Oviri ta 1894, siffar wata mace da kyarkeci a ƙarƙashin ƙafafunta, wadda ke gidan adana kayan fasaha na Orsay. Gauguin ne ya nuna cewa mai zane zai iya gina jikin abin da kansa, ya wuce ƙawata abin da wani ya gina.

Wata hanya dabam ta bayyana a farkon ƙarni na 20, sa'ad da dillalin zane Ambroise Vollard ya haɗa magini André Metthey na Asnières da masu zane irin su Henri Matisse da André Derain da Maurice de Vlaminck. Metthey ne ke gina tulu ko faranti ya rufe shi da farin ƙyalli, su kuma su yi zane a kai, aka baje kolin ayyukan a Faris a 1907. Launukan sun yi kyau ƙwarai, sai dai siffar ta magini ce, zanen na mai zane, kowa da gefensa.

Bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Al'adar ta kai ƙololuwa a gaɓar Bahar Rum. Vallauris, a kudancin Faransa, tsohon garin tukwanen girki ne da kasuwarsa ta faɗi bayan yaɗuwar tukwanen ƙarfe. A 1946 Pablo Picasso ya ziyarci ma'aikatar Madoura ta Suzanne da Georges Ramié, ya dawo a 1947 ya duƙufa, har ya zauna a garin daga 1948 zuwa 1955. Magini Jules Agard yana fitar masa da tulu a kan faifan juyi, shi kuma tun yumɓun na ɗanye ya matse wuya, ya lanƙwasa ciki, tulun ya koma kurciya ko mujiya ko mace. A hannunsa hannun buta yakan zama fiffike, bakinta ya zama na tsuntsu, faranti mai siffar ƙwai ya zama filin wasan bijimai da 'yan kallo jere a gefensa. Ƙarfin Picasso shi ne ganin halittar da ke ɓoye cikin siffar da magini ya saba fitarwa. Ayyukansa na yumɓu sun kai dubbai.

Kusa da nan, a Biot, Fernand Léger ya yi aiki da tsohon ɗalibinsa Roland Brice. Léger ya ɗauko ja da rawaya da shuɗi da baƙin layin da aka san zanensa da su, ya ba su kauri da tsayi, kamar a siffar fure mai tafiya ta 1952, wadda take tsaye a kan ƙafafu. Burinsa shi ne launi ya bar bangon ɗaki ya fita sarari inda jama'a ke kai da komo.

Joan Miró na Kataloniya ya fara haɗa gwiwa da Josep Llorens Artigas a 1944, sannan suka yi babban aiki daga 1953 zuwa 1956 a ƙauyen Gallifa. Artigas da itace yake gashi, a wuta mai tsananin zafi, inda toka da harshen wuta ke barin tabon da ba wanda ya tsara. Miró ya karɓi tabon nan a matsayin wani ɓangare na zanen, ya gina siffofi masu kama da duwatsu da ƙwai da kabewa da tsuntsaye, kuma su biyun suna sa hannu tare. Su ne suka yi Bangon Rana mai tsawon mita 15 da Bangon Wata mai mita 7 da rabi a hedikwatar UNESCO da ke Faris, waɗanda aka kammala a 1958. Siffar Mace da Tsuntsu ta Miró mai tsayin kusan mita 22 a Barcelona, wadda ɗan Artigas, Joan Gardy Artigas, ya lulluɓe da fasassun tayil masu launi, an ƙaddamar da ita a 1983, shekarar da Miró ya mutu.

A Albisola ta Italiya, Asger Jorn ɗan Denmark ya shirya taron masu zane da magina a 1954. Can ya gina bangon tangaran mai tsawon mita 27 da aka kafa a wata makarantar sakandare a Aarhus a 1959, kuma har babur ya hau ya bi ta kan ɗanyen yumɓun don ya bar sawu.

A wannan zamani Miquel Barceló na tsibirin Mallorca ne ya fi faɗaɗa al'adar. Ya fara zuwa Mali a 1988, kuma a ƙasar Dogon ya koyi sarrafa yumɓu daga mata magina a tsakiyar shekarun 1990. Daga baya ya lulluɓe bangon wani sashe na babbar majami'ar Palma da yumɓu mai faɗin kusan murabba'in mita 300, wanda aka gasa a Vietri sul Mare tare da magini Vincenzo Santoriello, aka buɗe a 2007. Kifaye da burodi da 'ya'yan itatuwa suna bulbulowa daga bangon, domin ta baya ya riƙa naushin yumɓun yana turo su waje. Tsagogin da bushewa ta haifar kuwa ya bar su a fili.

Dalilin rinjayen halittu

Abubuwa uku ne suka ja masu zanen nan zuwa ga halittu. Na farko, siffar tukunya mai kumburarren ciki da siririn wuya ta riga ta kusanci tsuntsu da kifi da ƙwarya, ɗan matsi kawai take jira. Na biyu, ƙyalli idan ya narke yana gudana, yana taruwa a rami, yana tsattsagewa, don haka santsin ruwa da ɓawon kifi da kaushin bawon itace suna samuwa daga halin kayan aikin kansu. Na uku, launin da wuta ta gasa ba ya koɗewa a rana ko ruwan sama yadda fenti ke yi, saboda haka aikin yana iya zama a lambu ko a bangon waje, cikin itatuwa da tsuntsayen da ya kwaikwaya.

Suka da ma'aunin nagarta

Magina da dama ba su yi maraba da wannan shigowa ba. A Ingila, Bernard Leach da almajiransa sun ɗauki tukunyar amfani mai natsattsen launi a matsayin ƙolin sana'a, suna ganin aikin Picasso zane ne da aka ɗora a kan abin da wani ya gina. Wannan makaranta ce ta iso Arewacin Nijeriya ta hannun Michael Cardew, almajirin Leach, wanda ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954 kuma hotonta ke jikin takardar naira 20, ta ci gaba da gina tulunanta da hannu irin na Gbagyi, tana zana ƙadangare da kada da kunama da hawainiya da kifi a jikinsu, sannan a sa ƙyalli a gasa. Ta iso mahaɗar zane da yumɓu ta ɓangaren magina, kuma a aikinta hannu ɗaya ne ya gina ya zana, abin da kaɗan daga masu zanen Turai suka iya.

Suka ta biyu ta shafi suna da kasuwa. Picasso ya ba Madoura izinin sake fitar da samfura 633 daga 1947 zuwa 1971, kowanne a kwafi masu yawa, waɗanda ma'aikata ne suka yi su da hatimin sunansa. Wannan ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya iya mallakar aikinsa a lokacin, amma ya rikita bambanci tsakanin abin da ya taɓa da hannunsa da wanda aka kwaikwaya. Sunayen Chaplet da Metthey da Agard da Brice kuwa sun daɗe a bayan fage, alhali ba don iliminsu na haɗa ƙyalli da sarrafa wuta ba da babu abin da zai fito daga tanderu lafiya. Adalci a tarihin wannan fasaha shi ne a ambace su tare da masu zanen, kamar yadda Miró ya yi wa Artigas.

Ana auna aikin wannan al'ada da tambayoyi uku: ko launi da siffa sun zama abu ɗaya ta yadda ba za a iya mayar da zanen kan ƙyalle ba tare da asara ba, ko aikin yana ba mai kallo dalilin zagaya shi ta kowane gefe, da kuma ko mai zanen ya yi amfani da abin da wuta da bushewa suka haifar maimakon ɓoye shi. Farantan Palissy da tsuntsayen Picasso da bangayen Miró da na Barceló sun cika waɗannan sharuɗɗa ta hanyoyi mabambanta. Farantan da aka yi wa zane kamar takarda mai da'ira kuwa, komai girman sunan da ke jikinsu, suna matsayin ƙawata tukwane ne kawai.